Yadda ɗalibi zai yi aikin sa kai ya fito da ƙwarewar da ake nema a wurin aiki

Tambayar da ɗalibai suka fi yi mini ita ce: ana ta cewa aikin sa kai yana taimakon mutum wajen samun aiki, to ta ina ake farawa? Wasu kuma su ce sun yi shekara uku a ƙungiya, amma da aka ce su rubuta CV sai suka rasa abin rubutawa. Riguna da hotuna da takardun shaidar halartar taro sun cika akwati, ƙwarewa kuwa babu. Dalili shi ne halartar taro ba ta koyar da komai. Abin da ke koyarwa shi ne a ɗora maka wani aiki takamaimai, ka ɗauke shi daga farko har ƙarshe, kuma a sami shaidar cewa kai ka yi. Ga yadda ake bi.

1. Auna lokacinka tukuna

Ɗauko jadawalin lakcocinka na wannan zango, ka cire lokacin aji, da na karatu, da na ibada, da na barci, da na sana'a idan kana yi. Abin da ya rage shi ne jarinka. Shawarata ga mai karatu cikakke ita ce awa 4 zuwa 6 a mako, kada ta wuce haka, kuma ya ajiye komai idan jarrabawa ta rage mako uku. Ɗan aji ɗaya ya bari sai zango na biyu, bayan ya ga sakamakonsa na farko ya san ƙarfinsa.

Dogon hutu da lokacin yajin aiki su ne babbar dama. Yajin aikin ƙungiyar malaman jami'o'i ta ASUU na 2022 ya fara ranar 14 ga Fabrairu, bai ƙare ba sai 14 ga Oktoba, wata takwas cur. Wanda ya yi waɗannan watanni yana koyarwa a firamaren unguwarsu ya koma makaranta da abin da ba ya cikin manhaja.

*Gargaɗi:* makarantu da yawa ba sa barin ɗalibi ya zauna jarrabawa sai ya halarci kashi 75 cikin 100 na lakcoci, kuma kamfanoni da dama sakamako suke fara dubawa kafin su karanta sauran takardu. Kari-oba ɗaya da aikin ƙungiya ya jawo maka ta fi ƙarfin duk wata takardar yabo da za su ba ka.

2. Tsai da abin da kake son koya

Mutane suna tsallake wannan mataki, shi ya sa suke ƙarewa a jera kujeru da raba ruwan leda. Nemo tallan aiki guda biyar na fannin da kake karantawa, ka karanta wurin da aka lissafa abin da ake so mai nema ya iya. Za ka ga abubuwa kaɗan ne suke ta maimaituwa: rubuta rahoto, aiki da Excel, tattara bayanai a fili, magana a gaban jama'a, riƙe lissafin kuɗi, tafiyar da mutane. Zaɓi biyu, ɗaya wanda kake da ɗan hannu a ciki, ɗaya wanda kake tsoro. Rubuta su a shafin farko na littafin da za mu yi magana a kai a mataki na 7.

3. Zaɓi wurin da za ka yi

Fara da cikin makaranta, domin babu kuɗin mota kuma akwai malamai masu sa ido. Red Cross, wadda dokar majalisa ta kafa a Najeriya a 1960, tana da reshe a kowace jiha da rukunin ɗalibai a manyan makarantu da yawa, kuma horon taimakon gaggawa da take bayarwa abu ne da za ka yi amfani da shi har tsufanka. Ƙungiyar ɗalibai Musulmi ta MSSN da ta ɗalibai Kirista ta FCS suna da kwamitocin koyar da ƙananan aji, da ziyarar asibiti da gidan yari, da tara kuɗin rajista ga marasa ƙarfi. Akwai Rotaract, ta matasa masu hidimar al'umma, da Enactus, ta ɗalibai masu taimakon al'umma ta hanyar dabarun kasuwanci, a wasu makarantun. Ɗalibin shari'a ya nemi cibiyar ba da taimakon shari'a kyauta ta tsangayarsu, irin wadda ke ABU Zariya da Jami'ar Bayero, inda ɗalibai ke bin lamarin mutanen da ke tsare suna jiran shari'a. Ɗalibin likitanci ko jinya yana da fitar duba marasa lafiya da gangamin ba da jini da ƙungiyarsu ke shiryawa. Kada kuma ka raina ƙungiyar sashenku ko ta ɗaliban ƙaramar hukumarku. A ƙaramar ƙungiya aiki ya fi saurin zuwa hannun sabon shiga.

A wajen makaranta akwai 'yan agajin Jama'atu Nasril Islam da na Fityanul Islam da na Izala, waɗanda kowa ke ganin aikinsu a filin idi da wuraren tafsiri da sansanin alhazai. Akwai Islamiyya da firamaren gwamnati masu ƙarancin malamai, da gidajen marayu, da cibiyoyin ciyarwa na watan azumi, da ƙungiyoyin ci gaban unguwa masu yashe kwata kafin damina. Wannan duk aikin gayya ne da muka gada, tsari kawai ya canza. Ta fannin lafiya, matan da ke bin gida-gida suna wayar da kan iyaye kan riga-kafi suna cikin waɗanda suka sa aka ayyana Afirka ta rabu da ainihin ƙwayar cutar shan inna a watan Agustan 2020. Je ƙaramin asibitin mazaɓarku ka tambayi mai kula da shi ko akwai inda za ka taimaka.

Wanda fita ke yi masa wuya yana iya yi daga waya ko kwamfuta. Wikipedia ta Hausa masu sa kai ne ke rubuta ta, kuma duk gyaran da ka yi yana nan da sunanka da kwanan wata, shaidar da ba mai musu. Common Voice na Mozilla, shirin tattara muryoyin mutane don koya wa na'ura harshe, yana karɓar muryoyin Hausa. Translators without Borders tana aiki da masu fassara 'yan sa kai, kuma Hausa na cikin harsunan da ta yi aiki da su a arewa maso gabas. Shirin masu sa kai na Majalisar Ɗinkin Duniya, UNV, shi ma yana sanar da ayyukan da ake yi ta intanet.

Duk inda ka zaɓa, halarci taronsu sau biyu kafin ka cika fom. Duba ko ana farawa a kan lokaci, ko ana karanta bayanan taron baya, ko ma'aji yana faɗin abin da ya shigo da abin da ya fita. Ƙungiyar da ba ta da waɗannan ba za ta koya maka tsari ba, tunda ita ma ba ta da shi. Kuma ɗaya ta isa. Taura biyu ba ta taunuwa.

*Gargaɗi:* duk wanda ya ce ka biya kuɗin fom don ya ɗauke ka aikin sa kai a wata ƙungiyar ƙasa da ƙasa, ɗan damfara ne. Haka wanda ya turo maka adireshin intanet ta WhatsApp yana neman lambar BVN ko lambar sirrin katinka. Ƙungiyar cikin makaranta ka tabbatar tana da rajista a ofishin kula da harkokin ɗalibai. Ta waje kuma ka binciki sunanta a shafin hukumar rajistar kamfanoni da ƙungiyoyi ta CAC, ka je ka ga ofishinta da idonka. Wadda ke taro cikin dare a ɓoye ko take neman ka yi rantsuwa, ka guje ta. Wadda kuma sai zaɓe ya matso take farfaɗowa, ka sani yaƙin neman zaɓe za ka yi wa wani kyauta.

4. Nemi yardar gida

Faɗa wa iyaye ko wanda kake hannunsa sunan ƙungiyar, da wanda ke jagoranta, da ranakun fita. Ƙanwata, wannan ya fi shafarki. Kada ki bari Baba ya ji a bakin wani cewa an gan ki a ƙauye kaza da rigar ƙungiya. Ki kawo takardar ƙungiyar gida, ki ba da lambar malama ko malamin da ke kula da ku, ki nemi a haɗa ki da wata 'yar'uwa a duk fita, ki kuma ƙayyade cewa kafin magariba kina gida ko ɗakin kwananku. Iyaye da yawa da ake cewa sun hana, rashin bayani ne ya sa suka hana. Kuma ƙungiyoyin lafiya da na ilimi suna matuƙar buƙatar mata, domin akwai gidajen da namiji ba ya wuce zaure.

5. Nemi aiki takamaimai

Nan ne komai yake. Bayan taro na biyu ko na uku, sami shugaba a gefe, ku gaisa, ka ce: "Ranka ya daɗe, ina da awa huɗu duk Asabar har ƙarshen zango. Ina son in koyi rubuta rahoto. Akwai aikin da za a ba ni wanda ni za a tambaya idan bai yiwu ba?" Shugabannin ƙungiyoyi sun gaji da masu cewa "duk abin da ake buƙata a kira ni", domin ba a san me za a ba su ba. Mai faɗin ranarsa da awanninsa da abin da yake so shi ake ba aiki.

Kowa yana son kujerar shugaba. Ni kuwa na fi ba ɗalibi shawarar kujerun da ake gudu, wato sakatare da ma'aji, ko mataimakansu.

Sakatare shi ke koyon rubutun ofis. Bayanan taro masu kyau ba su wuce shafi ɗaya: kwanan wata da wuri, waɗanda suka zo da waɗanda suka ba da uzuri, sannan kowane batu da abin da aka yanke a kansa, da sunan wanda zai aiwatar, da ranar da zai kawo rahoto. Ba a rubuta wane ya ce, wane ya mayar masa. A tura wa mambobi kafin kwana biyu su wuce, tun ba a manta ba. Shi ne kuma zai rubuta wasiƙar neman ɗakin taro, ya kai ofis, ya sa a buga masa hatimin karɓa a kan kwafinsa, ya koma bibiya bayan kwana uku. Wanda ya yi wannan na zango biyu ya riga ya san rabin aikin ƙaramin ma'aikaci.

Ma'aji kuma ya sayi littafi mai layi, ya ja gida biyar: kwanan wata, bayani, shiga, fita, saura. Ko kuɗin ruwan leda ne a rubuta. Duk abin da aka saya a karɓi rasit, idan mai kaya ba shi da rasit a rubuta a takarda shi da mai sayen su sa hannu. Ƙarshen wata a kwafe komai cikin Excel ko Google Sheets, a karanta wa mambobi.

*Gargaɗi:* kada kuɗin ƙungiya su kwana a asusunka na banki tare da naka. Ko da niyyarka tsarkakakkiya ce, ranar da kuɗin abinci suka yanke za ka ce bari in ara in mayar, daga nan sunan mutum yake ɓaci. A buɗe asusun ƙungiya mai sa hannun mutum biyu. Idan hakan bai samu ba, malamin da ke kula da ƙungiyar ya san inda kuɗin suke da adadinsu.

Idan ba ka sami ɗaya daga cikin waɗannan ba, nemi ƙaramin shiri naka: ajin lissafi na 'yan aji shida duk Asabar, ko rajistar masu ba da jini, ko ƙidayar yaran unguwa da ba sa zuwa makaranta. Ya kasance yana da ranar farawa da ranar gamawa.

6. Yi lissafin kuɗi da kayan aiki

Aikin sa kai ba a biyanka, amma yana cin kuɗi, kuma tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 kuɗin mota ne ya fi cinye aljihun ɗalibi. Yi lissafi da farashin garinku. A ce adaidaita sahu zuwa da dawowa naira 1,000 ne, fita ɗaya a mako ta zama naira 4,000 a wata, kafin data da abincin rana da kuɗin wata-wata na ƙungiya. Masu kaki, irin su Red Cross da 'yan agaji, akwai kuɗin ɗinki da takalmi. Idan jimillar ta fi ƙarfinka, zaɓi abin da za ka taka da ƙafa. Tambayi tun farko ko ana mayar da kuɗin mota, babu kunya a ciki. Kuma kada ka taɓa kuɗin rajistar makaranta don wani shiri, ko an yi maka alkawarin za a biya ka daga baya.

Kayan aiki kaɗan ne: littafi da biro, waya mai caji, adireshin imel mai ɗauke da sunanka na gaskiya, da jakar leda ta ajiye takardu. A waya ka koyi Google Forms da KoboCollect. Wannan ta biyun ƙungiyoyin agaji da yawa da ita suke tattara bayanai, tana aiki ko babu sabis, kuma kyauta ake sauke ta.

7. Riƙe littafin aiki

Duk ranar da ka yi aiki, kafin ka kwanta rubuta layi huɗu: kwanan wata da awanni, abin da ka yi da adadinsa, matsalar da ta taso, da yadda aka warware ta. Misali: "Asabar, awa 3. Na koyar da yara 28 raba lamba. Rabinsu ba su haddace jadawalin sau ba, na raba su gida biyu, na sa manyan su taimaki ƙananan." Minti biyar ne. Bayan wata shida ba za ka tuna ko yara 28 ne ko 40 ba, kuma a intabiyu irin wannan bayani ake nema. Ajiye kwafin duk wasiƙa da rahoton da ka rubuta a Google Drive, domin waya tana ɓata.

Wasu sukan tambaye ni ko wannan ba ya ɓata niyya, tunda don Allah aka ce ana yi. A ganina rubuta abin da aka ba ka amana kiyaye amana ne, kuma neman ƙwarewar da za ka ci halal da ita ba abin kunya ba ne. Inda ake jin tsoron riya shi ne wurin tallata kai, kuma maganarsa tana mataki na gaba.

8. Idan za a fita cikin jama'a

Ba a shiga unguwa ko ƙauye kai-tsaye. Kwana biyu ko uku kafin ranar, mutum biyu su je wurin mai unguwa ko dagaci da takardar ƙungiya. A cire takalmi, a durƙusa a gaisa, a bari ya gama tambayar gajiya da mutanen gida kafin a kawo abin da ya kawo ku. Ku faɗi ko ku su wane ne, me za ku yi, da abin da ba za ku iya ba. Ku roƙi ya haɗa ku da wanda zai zaga da ku, a kuma sanar da liman. Ku kauce wa ranar kasuwa da lokacin da mutane ke gona. Ɗalibin da ya iya wannan zama ya koyi abin da manyan ƙungiyoyi ke ɗaukar ma'aikaci musamman dominsa.

*Gargaɗi:* kada ka yi alkawarin abin da ba ya hannunka. "Za mu kawo muku rijiyar burtsatse" magana ce mai sauƙin faɗa, amma waɗanda za su zo bayanku su za su biya bashinta. Kada ka yi aikin da ba a horar da kai ba: ɗalibin da ba ma'aikacin lafiya ba ba ya allura, ba ya rubuta magani. Kada ka keɓe da yaro ko yarinya, a koyar a fili inda ake gani. Sunaye da lambobin wayar da kuka tattara amana ce, kuma tun 2023 akwai dokar kare bayanan jama'a a Najeriya. Hanyar da ake fama da matsalar tsaro kuwa ba a binta don aikin sa kai, ko wa ya ce a je.

Sai maganar hoto, wadda take ci mini tuwo a ƙwarya. A miƙa wa dattijuwa mudun shinkafa, mutum shida su kewaye ta suna murmushi, kafin la'asar fuskarta tana Facebook. Wannan tozartawa ce. Idan rahoto yana buƙatar hoto, a ɗauki kayan da ma'aikatan, ko a nemi izinin mutum a gaya masa inda za a saka. Marayu da marasa lafiya kuwa a rufa musu asiri.

9. Idan rai ya ɓaci

Zai ɓaci. Za ka yi wahala a yaba wa wani, za a yi alkawarin zuwa ƙarfe takwas a zo sha ɗaya, wanda ka girme shi zai yi maka gyara a gaban mutane. Kada ka mayar da martani a zauren WhatsApp na ƙungiya. Bari ka huce, ka sami mutumin shi kaɗai, ka yi magana a kan aikin. Idan kai ne ba za ka iya cika alkawari ba, faɗa tun da wuri ka kawo wanda zai tsaya maka. Kashe waya a ɓace shi ne kuskuren da ya fi zubar da mutuncin 'yan sa kai, kuma shugabanni ba sa manta shi ranar da aka zo neman takardar shaida. Duk wata biyu ka tambayi wanda ke sama da kai: "Wane abu ɗaya zan gyara?" Ka saurara har ya gama, ba tare da kare kai ba. Haƙuri da iya zama da mutanen da ba addininku ko yarenku ɗaya ba a nan ake samunsu, kuma su ne za su riƙe ka a sansanin bautar ƙasa da wurin aiki.

10. Miƙa aiki, ka karɓi takarda

Yi aƙalla zango ɗaya cikakke, shekara ta fi. Wata ɗaya kafin ka tafi ka sanar, ka koya wa wanda zai gaje ka, ka rubuta takardar miƙa aiki: abin da aka gama, abin da ya rage, kuɗin da ke hannu, da lambobin mutanen da ake hulɗa da su. Sannan ka nemi wasiƙar shaida tun shugaban da ya san aikinka yana kan kujera, domin shugabancin ɗalibai duk shekara yake canzawa. Wasiƙar ta kasance a kan takarda mai tambarin ƙungiya, da cikakken sunanka kamar yadda yake a takardun makaranta, da muƙami, da watan farawa da na gamawa, da ayyuka biyu ko uku da ka yi, da sa hannu da hatimi da lambar waya. Idan malamin da ke kula da ƙungiyar ya ƙara sa hannunsa ta fi nauyi. Nemi izininsa kafin ka rubuta sunansa cikin masu ba da shaida a kanka.

11. Saka shi a CV

Buɗe sashe na ayyukan sa kai, ka rubuta muƙami, ƙungiya, da watanni. Kada ka tsaya a "mamba". Ɗauko littafinka ka fitar da layi biyu ko uku masu adadi: "Na riƙe lissafin ƙungiya mai mambobi 60 na wata 10, ina gabatar da rahoto duk wata." Ko: "Na koyar da yara 28 lissafi duk Asabar na zango biyu." Kada ka ƙara gishiri, domin mai intabiyu yana iya ɗaga waya ya kira lambar da ke kan wasiƙar. Kada kuma ka kira shi aikin albashi.

Kafin intabiyu zaɓi labari uku daga littafin: ranar da shiri ya lalace kuka gyara, ranar da ka sasanta saɓani, da ranar da ka koyi abu cikin gaggawa. Kowanne ka iya faɗinsa cikin minti biyu, da halin da ake ciki, da abin da kai ka yi, da yadda aka ƙare. Waɗannan takardu za su yi maka amfani tun kafin ka gama karatu: haɗa kwafin wasiƙar da takardar neman gurbin SIWES, wato horon sanin makamar aiki da ɗalibai ke fita yi lokacin karatu, ka kuma tafi da ita bautar ƙasa, inda kowane mai yi wa ƙasa hidima yake shiga rukunin CDS na hidimar al'umma sau ɗaya a mako. Ranar da rukuninku zai zaɓi shugabanni, nemi irin kujerar da ka riƙe a makaranta, ka ci gaba da rubutu a littafin nan.